Kuɗin Yaƙi a Suwidin: Daga Allon Tagulla Mai Kilo 19.7 Zuwa "Gumakan Görtz"

A shekarar 1644 ƙasar Suwidin, wadda ke arewacin Turai, ta buga allon tagulla mai nauyin kilo 19.7, ta danna masa hatimin sarauta, ta ce darajarsa daler 10. Har yau ana ɗaukarsa a matsayin kuɗin ƙarfe mafi girma da aka taɓa saki a kasuwa. Bayan shekara 71, a 1715, ƙasar ta fara buga wata 'yar kwandalar tagulla da nauyinta bai kai giram 4 ba, ta ce ita ma daler ɗaya ce cikakkiya. Tsakanin waɗannan kuɗaɗe biyu akwai tarihin daula mai 'yan tsirarun mutane da ta shafe kusan shekara 200 tana yaƙi da maƙwabtanta, wadda duk lokacin da baitulmalinta ya bushe sai ta koma gidan buga kuɗi. Wannan bayani ya bi diddigin yadda aka yi hakan, da kuma wanda nauyin ya faɗa wa a kowane karo.

Yadda ake ƙidayar kuɗin

Manyan sunayen kuɗin Suwidin a wancan zamani uku ne: daler, mark da öre. A ƙarni na 17, daler ɗaya mark 4 ce, mark ɗaya kuma öre 8, watau daler ɗaya öre 32. Sarki Gustav Vasa ne ya fara buga daler a 1534, yana kwaikwayon babbar kwandalar azurfa ta ƙasashen Jamus da ake kira taler. Daga wannan tushe ne sunan dalar Amurka ya fito, haka ma "dala" da Hausawan Nijar ke ƙidayar sefa da ita.

Daga baya sunan ya rabu biyu. Babbar kwandalar azurfa, wadda ake cinikin ƙasa da ƙasa da biyan bashin waje da ita, aka kira ta riksdaler. Ita kuwa daler ta zama ma'aunin lissafi na cikin gida, wadda darajarta ke sauka duk lokacin da hukuma ta taɓa kuɗin. Tazarar da ke tsakanin su biyun ita ce ma'aunin da 'yan kasuwa ke gane lafiyar kuɗin ƙasar da shi.

Kuɗi mai kusurwa huɗu

Alamar farko ta kuɗin yaƙi ita ce siffarsa. Idan ana gaggawar biyan sojoji, maƙera ba su da lokacin fitar da kwandala mai da'ira. Sai a daddaɓe ƙarfe ya zama falle, a yayyanka shi da almakashi mai kusurwa huɗu, a buga hatimi. Irin wannan kuɗi ake kira klipping, daga kalmar da ke nufin yanka da almakashi.

Gustav Vasa ya buga irinsa da yawa a yaƙin 1521 zuwa 1523, wanda ya fitar da Suwidin daga ƙarƙashin Sarki Kristian na 2 na Denmak. Azurfar da ke cikinsa kaɗan ce ƙwarai, galibinsa tagulla ne. Da mulki ya zauna, a 1524 aka janye shi daga kasuwa a kan darajar da ba ta kai wadda aka saki shi a kanta ba, asarar ta tsaya a hannun waɗanda suka karɓe shi.

'Ya'yansa sun bi sawunsa. A yaƙin shekara bakwai da Denmak, daga 1563 zuwa 1570, Sarki Erik na 14 ya sake buga klipping. A 1567 ya sa aka kashe wasu manyan gidan Sture a Uppsala, sannan ya ba Märta Leijonhufvud, wadda ta rasa mijinta da 'ya'yanta biyu, azurfa a matsayin diyya. Ita kuma ta miƙa azurfar ga ƙannen sarkin, Johan da Karl. A 1568 suka buga kuɗi da ita a garin Vadstena, suka ɗauki nauyin tawayen da ya tumɓuke shi. Ana kiran waɗannan kuɗaɗe "klipping na jini".

Fansar Älvsborg da dutsen tagulla

A wancan lokaci Suwidin na da 'yar siririyar kafa ɗaya tak zuwa tekun yamma, kuma sansanin Älvsborg ne ke tsaron ta, kusa da inda birnin Göteborg yake a yau. Sau biyu Denmak ta kame shi, sau biyu kuma Suwidin ta fanso shi da kuɗi. A sulhun Stettin na 1570 an yanke mata daler 150,000 na azurfa, aka ɗora wa jama'a harajin kashi ɗaya cikin goma na dukiyarsu. A sulhun Knäred na 1613 kuɗin fansar ya kai riksdaler miliyan ɗaya, ba a gama biya ba sai 1619. Azurfar ƙasar ta ƙare, sai da aka ranto daga Holan.

Abin da Suwidin ke da shi a yalwace shi ne tagulla, wadda wasu ke kira jan ƙarfe. Mahaƙar Falun ce ke samar da kusan kashi biyu cikin uku na tagullar Turai a ƙarni na 17, kuma a 1650 abin da ta fitar ya kai kimanin tan 3,000. A 1624 Sarki Gustav Adolf na 2 ya yanke shawarar a riƙa buga kuɗi da ita. Manufarsa biyu ce. Ta farko, a cike giɓin azurfa a kasuwannin cikin gida. Ta biyu, a tsare tagulla mai yawa a gida, domin wadda ake fitarwa ta yi ƙaranci, farashinta ya tashi a Amsterdam. Sharaɗin shi ne kowace kwandala ta ƙunshi tagullar da ta kai darajar da aka rubuta mata. An fara bugawa a garuruwan Säter da Nyköping, kuma na farkon masu kusurwa huɗu ne.

Lissafin bai yi daidai ba. Sifen, wadda ke sayen tagulla mai yawa don buga nata ƙananan kuɗin, ta dakatar da bugawa a 1626, farashi ya faɗi. A 1630 Gustav Adolf ya shiga Yaƙin Shekara Talatin a Jamus, inda aka kashe shi a fagen Lützen a 1632. Sojojin haya ba su karɓar tagulla, sai azurfa. Abin da ya riƙe rundunar shi ne tallafin Faransa na riksdaler 400,000 a shekara, bisa yarjejeniyar Bärwalde ta 1631, da kuma abin da ake tatsa daga yankunan Jamus da aka mamaye.

Daler biyu a ƙasa ɗaya

Da farashin tagulla ya faɗi, mutane suka ɓoye kuɗin azurfa suna kashe na tagulla. Dole hukuma ta amince da abin da kasuwa ta riga ta yanke. A 1633 aka ce öre ɗaya na azurfa daidai yake da öre 2 na tagulla. A 1643 ya koma 2 da rabi, a 1665 ya kai 3. Daga nan ƙasar ta zauna da lissafi iri biyu, "daler ta azurfa" da "daler ta tagulla", kuma duk mai rubuta yarjejeniya sai ya fayyace wadda yake nufi.

Tunda tagulla ba ta da tsada, kuɗi mai babbar daraja dole ya yi girma. Shi ya sa a 1644, zamanin Sarauniya Kristina, gidan buga kuɗi na Avesta ya fara fitar da allunan tagulla da ake kira plåtmynt. Kowane allo na da hatimi biyar: ɗaya a tsakiya mai nuna daraja, huɗu a kusurwoyi masu ɗauke da kambin sarauta da shekara, domin kada wani ya yanke gefe ya sayar. Abin da ke rikita baƙi shi ne, ko da yake allon tagulla ne, darajar da ke kansa da daler ta azurfa aka rubuta ta. Na daler 10 bai daɗe ba aka daina shi, aka ci gaba da ƙanana, irin su na daler 8, 4, 2, 1 da rabi.

Wahalar ba ta ɓuya. Biyan bashi mai kauri sai da keken doki, tara haraji kuma ya zama aikin dako. Ga wata matsalar: allon kuɗi ne kuma haja ce. Idan farashin tagulla ya tashi a waje, sai 'yan kasuwa su loda shi a jiragen ruwa su sayar da shi a matsayin ƙarfe, kasuwannin gida su wayi gari babu kuɗi. Idan farashin ya faɗi, darajar abin da mutum ya ajiye ta faɗi tare da shi.

Takardar kuɗi ta farko a Turai

Nauyin allunan ne ya buɗe ƙofar banki. Johan Palmstruch, haifaffen Riga, ya sami izinin sarki a 1656, ya buɗe Stockholms Banco a 1657, bisa sharaɗin rabin riba na gidan sarauta ne. Mutane suka riƙa kai allunansu ajiya, shi kuma yana ba da rance daga cikinsu.

A 1660 hukuma ta rage nauyin sababbin alluna. Tsofaffin suka fi darajar da ke rubuce a kansu, masu ajiya suka yi dafifi suna neman a mayar musu da nasu. Bankin kuwa ya riga ya ba da su rance. Mafitar da Palmstruch ya samo a 1661 ita ce takardu bugaggu, masu ƙayyadadden adadi, da sa hannu da hatimi, waɗanda duk mai riƙe da su zai iya canza su da ƙarfe. Ƙasar Sin ta san kuɗin takarda ɗaruruwan shekaru kafin nan, amma a Turai waɗannan ne takardun banki na farko.

Jama'a sun karɓe su hannu bibbiyu saboda sauƙin ɗauka. Sai dai babu dokar da ta iyakance yawan da za a buga, kuma bankin ya yi ta ba da rance da su. Zuwa 1663 ya kasa canza su, a 1664 harkokinsa suka tsaya. An yanke wa Palmstruch hukuncin kisa a 1668, aka sassauta zuwa ɗauri, aka sake shi a 1670, ya mutu a 1671.

A 1668 aka kafa sabon banki, Riksens Ständers Bank, a ƙarƙashin majalisar ƙasa mai suna Riksdag, domin a nisanta shi daga hannun sarki. Majalisar na da rukuni huɗu: masu sarauta, malaman coci, attajiran birane da manoma. Manoma suka ƙi shiga cikin lamunin bankin, sauran ukun suka ɗauka. An kuma hana shi buga takardar kuɗi da farko. Shi ne Riksbank na yau, babban banki mafi tsufa a duniya.

Karl na 12 da kuɗin lalura

A 1700 Rasha da Denmak da Sarki August na Saksoni da Polan suka haɗu a kan Suwidin. Sarki Karl na 12, mai shekara 18, ya ci Rasha a Narva a wannan shekarar, amma a 1709 Sarki Bitrus Mai Girma ya murƙushe rundunarsa a Poltava. Karl ya yi gudun hijira zuwa Daular Usmaniyya har 1714. Kafin ya taka ƙasarsa a ƙarshen 1715, yankunan Baltik masu kawo hatsi da kuɗin fito sun suɓuce, Rasha ta mamaye Finlan, annoba ta kashe ɗimbin mutane, masu ba da rance na waje kuma sun juya baya. Har igwogi aka narkar aka buga allunan kuɗi da su. Duk da haka sarkin ya ƙi sulhu.

A 1715 aka rage nauyin allon daler ɗaya zuwa giram 756. Sannan aka ɗauki matakin da ya fi kowanne: buga ƙananan kwandalolin tagulla, kowace a matsayin daler ɗaya ta azurfa. Ta farko giram 3.6 ce, ta biyu giram 7.2, sauran giram 4.5. Ke nan ƙarfen da ke cikin kowace bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na darajar da aka ba ta ba. A hukumance ba a kira su kuɗi ba, an ce "alamar kuɗi" ce, wadda za a fanshe ta da kuɗi na gaske idan yaƙi ya ƙare. Jama'a suka san su da nödmynt, kuɗin lalura.

Iri goma aka buga tsakanin 1715 da 1719. Na farko na ɗauke da kambin sarauta. Na biyu an rubuta masa Publica Fide da Latin, ma'ana bisa amanar hukuma. Biyar daga cikin na 1718 na ɗauke da surorin gumakan Rumawa: Jupiter, Saturnus, Phoebus, Mars da Mercurius. Na ƙarshe, na 1719, sunansa Hoppet, watau fata. An riƙa sauya zanen akai-akai ne don a sha gaban masu buga jabu, ganin irin ribar da ke cikin kwaikwayonsu. Shirin farko shi ne a saki kaɗan, sabon iri ya maye gurbin tsoho. Buƙatun yaƙi suka rinjayi shirin, jimillar abin da aka buga ta kai kimanin miliyan 42, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 2 ba.

Mutumin da ke riƙe da harkar kuɗin sarki a lokacin shi ne Georg Heinrich von Görtz, ministan masarautar Holstein, wanda ba ɗan ƙasar ba ne kuma ba ya amsa wa kowa sai sarki. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, amma a hannunsa ta bunƙasa, don haka aka laƙaba wa kwandalolin "gumakan Görtz". Da farko sun karɓu, musamman da yake ana iya biyan haraji da su. Da suka yi yawa, sai kaya ya zama da farashi biyu, na kuɗin kirki da na kuɗin lalura. Hukuma ta mayar da martani da tilas: aka haramta ƙin karɓarsu, aka ƙayyade farashi, aka hana fitar da ƙarfe waje, aka umarci mutane su miƙa kuɗinsu na azurfa a musanya musu. Da wannan aka haɗa rundunar da ta shiga Norwe a 1718. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, bisa kalandar Suwidin ta lokacin, harsashi ya sami Karl na 12 a ka a gaban sansanin Fredriksten.

Wa ya biya?

Nan take aka kama Görtz. Kotu ta musamman ta tuhume shi da raba sarki da talakawansa, ba a ba shi cikakkiyar damar kare kansa ba, aka fille masa kai a Stockholm a watan Fabrairun 1719. Kashe baƙo ya ba manyan ƙasar damar yin tir da manufofin marigayin sarki ba tare da sun taɓa sunansa ba.

Sai aka zo kan alkawarin fansa. Majalisar 1719 ta yanke cewa kowace kwandala za a karɓe ta a rabin darajarta, öre 16 maimakon 32. Ko rabin ma ba a biya da ƙarfe ba: an ba mutum takardar alkawari ta öre 14, aka mayar masa da kwandalarsa a matsayin öre 2. Takardun suka faɗi a kasuwa, mabuƙata suka sayar da nasu da arha. Zuwa 1724 kwandalar ta koma öre ɗaya na tagulla, watau kashi ɗaya cikin 96 na darajarta ta asali.

Kuɗin lalura ya bazu har ƙauyuka, domin da shi hukuma ke sayen hatsi da dawaki, da shi take biyan sojoji da ma'aikata. Saboda haka karya darajarsa ta zama haraji a kan duk wanda ya riƙe shi, harajin da babu wanda ya nemi yardar mai biyansa. Wasu masana tarihi na baya-bayan nan na ganin tsarin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa muddin sarkin na raye, kuma rushe shi zaɓi ne na siyasa da sababbin masu mulki suka yi game da bashin da za a girmama da wanda za a yi watsi da shi.

Yaƙin ya ƙare da sulhun Nystad a 1721, Suwidin ta bar wa Rasha Estoniya da Livoniya da Ingriya. A gida kuwa, dokokin mulki na 1719 da 1720 sun karɓe ikon haraji da yaƙi da taɓa darajar kuɗi daga hannun sarki shi kaɗai, suka danƙa wa majalisa.

Majalisa ma ta maimaita

Mayar da iko hannun majalisa bai rufe ƙofar ba. Jam'iyyar da ake kira Hattarna, masu malafa, ta ja ƙasar zuwa yaƙi da Rasha daga 1741 zuwa 1743, ta biya kuɗinsa da rance daga bankin da majalisar ke iko da shi. A 1745 aka dakatar da canza takardun banki da ƙarfe. Yaƙin Pomeraniya na 1757 zuwa 1762 ya ƙara yawan takardun, farashi ya yi ta hawa. Da abokan hamayyarsu Mössorna, masu hula, suka karɓi ragama a 1765, suka yi ƙoƙarin ɗaga darajar kuɗin da sauri. Farashi ya rikito, masana'antu suka durƙushe, masu bashi suka kasa biya. A cikin wannan dambarwa ce aka kafa dokar 'yancin buga littattafai da jaridu ta 1766, wadda ta ba jama'a damar ganin takardun hukuma. Ɗaya daga cikin jagororinta, malamin coci Anders Chydenius, ya rasa kujerarsa a majalisa a wannan shekarar saboda ya wallafa suka a kan manufar kuɗi ta jam'iyyarsa.

Sarki Gustav na 3 da ministan kuɗinsa Johan Liljencrantz ne suka kawo ƙarshen zamanin tagulla da gyaran 1776, wanda ya fara aiki a farkon 1777. Riksdaler ta azurfa ta zama kuɗin ƙasa, aka raba ta skilling 48, aka daidaita ta da daler 6 ta azurfa ko 18 ta tagulla. An karɓi tsofaffin takardu a rabin darajarsu ta hukuma, allunan tagulla kuma suka daina zama kuɗi. Bayan shekara 12, a 1789, yaƙi da Rasha ya sa aka kafa ofishin bashin ƙasa, Riksgäldskontoret, wanda ya fara fitar da nasa takardun, su ma suka faɗi ƙasa da na banki.

Krona, kuɗin da Suwidin ke kashewa yanzu, ta maye gurbin riksdaler a 1873. Mahaƙar Falun ta rufe a 1992, kuma UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Allunan daler 10 kaɗan ne suka tsira daga narkarwa, ana iya ganin irinsu a gidan tarihin kuɗi na Stockholm. Kwandalolin Görtz kuwa, saboda yawan da aka buga, har yau suna cikin tsofaffin kuɗin Suwidin mafiya sauƙin samu a hannun masu tara kayan tarihi.